Motar Buba a Hawan Marke

Sunana Dinatu, amma a ƙauyenmu da tashoshin mota Maman Murna ake ce mini. Sarin hatsi nake yi. Ina saye a ƙauyukan da ke bayan Dayi in kai Malumfashi ko Funtuwa, idan rani ya yi kuma in koma kan tumatirin Danja. Duk shekarun da na yi a wannan harka, direba ɗaya na fi shiga motarsa, shi ne Malam Buba. Labarinsa zan ba da, domin ina tsaye a wurin ranar da aka kusa kashe shi.

Mahaifin Buba Bafillatani ne da ya kafa ruga a gefen ƙauyenmu tun ina yarinya. Ciwon huhu ya cinye rabin shanunsa, ɓarayi suka kwashe sauran, tsohon ya koma noman dawa har ya rasu. Buba ya tashi a cikinmu, Hausa ce a bakinsa. Fillancin da ya rage masa bai wuce gaisuwa da 'yan kalmomin da ake kiran saniya da su ba. Ya koyi tuƙi a Funtuwa wajen masu jigilar auduga, ya daɗe a can, sannan ya dawo gida da mata, Adawiyya, da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura fara wadda fentinta ya koma ruwan toka.

Mutum ne dogo, siriri, ba ya son hayaniya. Yana da i'ina, amma ba ta fitowa sai ransa ya ɓaci ko ya tsorata. Shi ya sa ko a tasha, idan direbobi suka kaure da musu a kan layi, sai ya ja gefe ya hau goge gilashi. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Shi ke kai matan zumuntarmu taron coci da gangunanmu da tulunanmu, ya ajiye mu ya koma gindin dalbejiya yana jira har mu tashi. Ranar da mijina Jonah ya rasu a asibiti, a bayan motar nan aka kawo shi gida, Buba yana tuƙi a hankali yana kauce wa kowane rami.

Motar ta tsufa, kowa ya sani. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefe kuma sai an sa filaya ake ɗaga shi. Amma ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Da damina ta kusa ƙarewa a shekarar da abin ya faru tankinta ya fara yoyo, Buba ya kai ta Funtuwa aka sauke shi aka yi masa walda aka mayar. Ba a jima ba ta shigo da sabuwar ɗabi'a.

Tsakanin ƙauyenmu da kwalta akwai rafi da muke kira Mashigin Marke, saboda wani tsohon marke da ke bakinsa. Idan ka tsallake ruwan sai ka kama hawa mai tsawo, duk tsakuwa da zaizaya. A tsakiyar hawan ne burtali ya ratsa hanya, ya shige cikin duhuwar da ta miƙe har dajin da 'yan bindiga suke. Tun da aka fara satar mutane a yankinmu, duk wanda ya zo wurin bakinsa na motsi, Musulmi da Kirista, kowa da abin da yake karantawa. Babu direban da ke ɗaga ƙafa daga totur a nan.

A nan motar Buba ta zaɓi mutuwa. Da safe murɗa ɗaya za ta tashi, ta yi ta tafiya lafiya lau, ta tsallake ruwa, ta kama hawa. Sai a ji ta fara shaƙewa, ta yi tari biyu ko uku, ta yi shiru. Mu sauka a guje, wani ya sa dutse a taya, Buba ya buɗe bonet ya tattaɓa wayoyi, ya koma ya murɗa makulli, ta tashi garau. Mu hau, ta ɗan ja gaba, ta sake mutuwa. A ƙarshe sai mu taka da ƙafa zuwa saman tudu muna waige-waige, ita kuma ta biyo mu da buhuna kawai. Mun ɗauka zafi take yi, tafiyar da muke yi a ƙasa ce ke ba ta damar hucewa.

Buba bai zauna ba. Bakanikensa a Malumfashi, Mannir, tun suna samari suke tare, kuma ya san Fijo ciki da waje. Ya sauya fulogi. Ya kwance kafireta ya wanke ta da fetur ya hure kowace ƙofa da bakinsa. Ya ce ko kwayil ce ke ɗaukar zafi, aka sa wata. Aka sauya famfon mai, aka sauya matatar mai. Kowane zuwa sai Mannir ya ja ta ya zaga gari, ya hau duk tudun da ya sani, ya dawo ya ce, "Buba, wallahi motar nan lafiyarta ƙalau. Ka ji silonta, yadda injin ke bugawa a tsaye." Washegari mu zo Marke ta mutu.

Na taɓa ce masa, "Malam Buba, ko za ka ajiye ta har a gane abin da ke damunta?"

Ya ce, "Maman Murna, kaka ce fa. Idan na ajiye ta, masarar mutane a gona za ta kwana, kin kuma san wa zai zo ya kwashe."

Gaskiya ya faɗa. Motoci biyu ne kawai suka rage masu shigowa ƙauyenmu, ɗayar ma sai ranar kasuwa.

Abin ya faru ne wata hantsi. Mun yi lodin masara da waken suya, mutane sun hau saman buhuna, ni ina gaba kusa da Buba. Muka tsallake ruwa, muka kama hawa, ta yi tarinta ta mutu daidai bakin burtali. Ba mu gama sauka ba muka ji babura. Suka fito daga duhuwa, kowane da goyo, fuskoki a rufe da rawani, bindigogi a rataye. Ban san lokacin da na kwanta a ƙasa ba. Abin da na iya tunawa shi ne tsakuwa a kumatuna da warin fetur da wata mata da ke ta maimaita sunan ɗanta a hankali.

Ba su daɗe ba. Suka zaɓi mutum biyu, Sulemanu mai shagon magani da wani saurayi, Abubakar, wanda zai je Funtuwa sayen kayan aurensa. Kafin su tafi, ɗaya daga cikinsu ya tsaya a kan Buba, ya ɗaga haɓarsa da bakin bindiga, ya yi masa magana da Fillanci. Buba ya amsa da kalma ɗaya ko biyu. Mutumin ya tofar da yawu, ya hau babur, suka shige daji.

Kowa ya ji an yi masa Fillanci. Kowa ya ga ya amsa. Kowa kuma ya ga ba su taɓa shi ba.

Kafin la'asar magana ta zaga ƙauye. Mata a bakin rijiya suna yin shiru idan Adawiyya ta iso. Aka fara lissafo abubuwa: me ya sa kullum a wuri ɗaya take mutuwa, me ya sa bakanike ya ce lafiyarta ƙalau, me ya sa ya ƙi ajiye ta. Wani ya ce ya taɓa ganinsa da jarkar fetur a bayan mota, alhali babu direban ƙauye da ba ya yawo da jarka. Kalmar da kowa ke tsoro ta fito fili, infoma. Mun san abin da ake yi wa wanda aka liƙa wa sunan nan. A wani ƙauye da ke gabas da mu an yi wa wani mai sayar da burodi, ba a ko jira a ji ta bakinsa ba.

Na leƙa ta katanga na ce wa Adawiyya ya gudu Funtuwa kafin gari ya waye. Ta ce ta roƙe shi har da kuka, ya ce idan ya gudu ya amsa laifin ke nan, kuma ita da yara za a huce a kansu.

Da safe 'yan sa-kai suka zo. Shugabansu Ɗanasabe, manomi ne kamar kowa, mun san shi da fara'a kafin zamani ya lalace. Abubakar da aka ɗauke ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Idanunsa sun yi ja, da gani bai runtsa ba. Suka fito da Buba ba ko hula, suka ɗaure hannayensa ta baya da igiyar rama, suka tura motar zuwa filin makarantar firamare. Kafin rana ta ɗaga filin ya cika.

Ɗanasabe ya karɓi makulli ya miƙa wa Mati, direban ɗaya motar da ke shigowa ƙauye. Mati ya murɗa, ta tashi nan take. Suka bar ta tana aiki. Ta yi ta silo, babu tari, babu shaƙewa, kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Ban taɓa ƙin jin ƙarar inji irin na ranar ba. Duk wani bugun da take yi, mutane ƙara matsowa suke.

Ɗanasabe ya ce, "To Buba, ga motarka. Ina ciwon?"

Buba ya buɗe baki, i'ina ta riƙe shi. Haɓarsa na rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, kalmar ta ƙi fita. Wani daga baya ya ce, "Ƙarya ce ta shaƙe shi." Na ga wani yaro ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Ni ba jaruma ba ce. Na san duk wanda ya kare infoma shi ma ana iya haɗawa da shi. Amma na ji muryata ta fito. Na fuskanci mai unguwa, wanda ke zaune a kan benci, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba a nan take mutuwa ba. A je Marke da ita. A ba Mati ya tuƙa, shi Buba a ɗaure. A kira Mannir ya gani da idonsa. Idan ta haye lafiya, ni ba ni da sauran magana."

Ɗanasabe ya juyo ya dube ni. "Maman Murna, kin san abin da kike cewa?"

Na ce na sani. A gaskiya ban sani ba.

Mai unguwa ya kama maganar da hannu biyu, don dama neman abin da zai jinkirta su yake. Aka buga wa Mannir waya. Da ya ji abin da ake ciki bai tsaya tambaya ba, ya ɗaura jakar sifanunsa a bayan babur ya taho. Jiran nan ya yi mana tsawo. Aka zaunar da Buba a rana a gindin sandar tuta. Adawiyya ta kawo ruwa a kofi, aka hana ta matsowa, ta tsaya riƙe da kofin har ruwan ya yi ɗumi.

Mannir ya iso ƙura ta rufe masa gira. Tambayar farko da Ɗanasabe ya yi masa ita ce, "Kai ka ce lafiyarta ƙalau, ko ba kai ba ne?"

Mannir ya ce, "Ni na ce. A gabana ba ta taɓa mutuwa ba. Amma Buba ba ya ƙarya."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Muka kama hanya. Mati na tuƙi, Mannir na gefensa. A baya Buba ne a ɗaure da mutum biyu masu gadinsa. Sauran 'yan sa-kai suka biyo a babura, ni ma wani ɗan 'yar'uwata ya goya ni, mai unguwa kuma a bayan babur ɗin ɗansa. Muka tsaya a bakin ruwa muna kallo. Motar ta tsallake, ta kama hawa, ta wuce burtali, ta haye har saman tudu ba ta ko yi atishawa ba.

Mati ya juyo da ita ya gangaro, ya fito ya tsaya yana kallon ƙasa. Buba ya rufe ido, leɓunansa na motsi. Na gane kalmar shahada yake yi.

Ɗanasabe ya ce a sauko da shi. Ya faɗa a hankali, ba tsawa, kuma hakan ya fi ba ni tsoro. Mutum biyu suka ja shi zuwa gindin marken. Mai unguwa ya fara cewa a kai shi wurin hukuma, babu wanda ya juya ya dube shi.

Ina tsaye ina kallon bayan motar, ban san dalili ba, wataƙila don na kasa kallon wancan gefen. Sai na lura da yadda ta ɗage. Tsakanin taya da bodi har mutum zai iya cusa kansa. Ni da kullum nake tsayawa a kan lodi ina faɗa da masu ɗora buhuna, ban saba ganinta haka a wannan wuri ba. Kullum a durƙushe take isowa Marke, gindinta kusan yana shafar ƙasa.

Na ce, "Babu kaya a kanta."

Ba a ji ni ba. Na ɗaga murya na ce, "Ɗanasabe, wayam take. Ba ta taɓa mutuwa wayam ba. Ku loda ta yadda muke loda ta."

Mannir ya juyo da sauri. Ya dube ni, ya dubi motar, na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ni ma duk wayam yake kawo mini ita." Ya matsa gaban Ɗanasabe har ƙirjinsa ya kusa taɓa bindigar tokar da ke hannunsa. "Don girman Allah ka ba ni wannan ɗaya. Idan ta haye da lodi, ka haɗa da ni."

Ɗanasabe ya dubi motar. Wasu daga cikin yaransa suna cewa ɓata lokaci ne, rana na yi, wurin nan ba wurin tsayawa ba ne. A ƙarshe ya ce, "Ɗaya."

Babu buhuna a kusa, kuma ba wanda zai yarda a koma ƙauye. Aka hau ɗebo duwatsun rafi ana jibgawa a baya, ni ma na cire gyalena na yi gammo. Da duwatsu suka yi rabin bodi sai 'yan sa-kai suka hau da bindigoginsu, aka ɗora Buba a tsakiya, na hau na zauna a kan ƙarfen gefe. Motar ta durƙusa yadda na san ta. Ɗanasabe ya tsaya a baya ya riƙe ƙarfen rufi.

Mati ya sa giya. Muka shiga ruwa muka fita. Hanci ya ɗaga sama, nauyi duk ya koma baya, duwatsu suka gungura suka danne mini ƙafa ban ko ji zafi ba. Inji na ta gurnani, lafiyayye. Muka wuce zaizayar farko. Muka wuce ta biyu. Ga burtali yana matsowa, ita kuwa ko alamar shaƙewa babu. Na yi shekaru ina roƙon Ubangiji kada mota ta mutu da ni a wannan wuri. Ranar nan na roƙe shi da dukan zuciyata ya kashe ta.

Ta yi tari. Mati ya taka totur har ƙasa, muna jin ƙarar takalminsa a kan ƙarfe. Ta sake tari, ta yi wata girgiza, ta yi shiru. Muka tsaya cak, 'yan taku kaɗan daga inda aka ɗauki Abubakar.

Mutane suka yunƙura za su dira, kamar yadda aka saba. Mannir ya fito yana ɗaga hannu. "Kada wanda ya sauka. Kowa ya zauna inda yake. A sa mata dutse kawai." Ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi.

Sai a lokacin muka tuna inda muke. Mota a mace, mutane cunkushe a kanta, duhuwa a dama da hagu. Iska ta tsaya. Can cikin daji muka ji ƙarar babur, ta taso ta yi ƙasa, ta sake tasowa. Ba mu san ko nesa take ko kusa ba. Wani saurayi da ke gefena ya ɗana kunamar bindigarsa. Duk wanda ke kan motar so yake ya dira ya gudu, kuma Mannir ya ce kada a motsa. Muna jin sa a ƙarƙashinmu yana jan jiki a kan tsakuwa, yana bin layin mai da hannu daga inji zuwa tanki.

Ɗanasabe ya ce, "Mannir, yi sauri."

Ƙarar babur ɗin ta ɗauke, kuma ɗaukewar ta fi ƙarar muni.

Sai muryarsa ta fito daga ƙasa. "Ɗanasabe, sauko kai kaɗai. Zo ka gani."

Ɗanasabe ya miƙa wa na kusa da shi bindiga, ya dira, ya kwanta a ƙasa da rigarsa ta layu ya tura kai. Abin da Mannir ya nuna masa, daga baya ya nuna mana duka. Lokacin da aka mayar da tanki bayan walda, an yanke wani ɓangare na bututun mai da ya yi tsatsa, aka haɗa da tiyon roba, aka bi da shi ta saman sifirin na baya. Sifirin ɗin kuma ganyensa ɗaya ya karye, ya saki. Idan mota wayam take, tiyon na da sarari. Idan aka yi lodi ya rage kaɗan. Idan kuma ta kama hawa mai tsayi nauyi ya koma baya, sai ƙarfe ya sauko ya matse shi ya lanƙwashe, mai ya daina wucewa. Ta ƙone ɗan abin da ke cikin kafireta ta mutu. Da fasinja sun sauka sai ƙarfen ya ɗaga, tiyo ya buɗe, ta tashi. Su hau, ya sake matsewa.

Mannir ya ce, "Bar hannunka a kai. Yanzu kowa ya sauka."

Muka dira. Motar ta ɗaga. Ɗanasabe na kwance, yatsunsa a kan tiyon, ya ji yana buɗewa a hannunsa. Mati ya murɗa makulli, ta ɗan ja, ta tashi.

Ɗanasabe ya fito ya zauna a ƙasa, ƙura a gemunsa. Ya dubi burtalin ya daɗe. Sannan ya tashi ya je wurin Buba, wanda aka jingine da taya. Na ɗauka wuƙar da ya zaro ta yanke igiya ce, amma sai ya tsaya da ita a hannu.

"Me ya ce maka da Fillanci?"

I'ina ta sake kama Buba. Wannan karon babu wanda ya yi masa ihu, aka jira shi. Da ƙyar ya ce, "Ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Na faɗi sunan babana. Sai ya ce wani abu, ban gane duka ba. Na ji dai kalmar bawa a ciki."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da na san inda Abubakar yake, da ƙafata zan kai ka."

Ɗanasabe ya yanke igiyar. Bai ce a yi haƙuri ba, bai kuma dube shi ba. Ya ce wa yaransa a bar wurin nan. Mannir ya ja tiyon gefe ya ɗaure shi da waya a jikin ƙarfe, aka zubar da duwatsu a gefen hanya, muka juya gida a guje. Har muka isa ba mu san ko babur ɗin wa muka ji a daji ba.

Hannayen Buba sun kumbura, sai da Adawiyya ta yi kwanaki tana gasa masa su da ruwan zafi kafin ya iya riƙe cokali. Mannir ya dawo da bututun ƙarfe da ganyen sifirin ya gyara motar a ƙofar gida. Ba ta sake mutuwa a Marke ba. Amma mutane ba su dawo mata ba. Waɗanda suka je rafi sun gani da idonsu, waɗanda ba su je ba kuwa sun fi yawa, kuma a bakinsu labarin ya koma cewa bakanike abokinsa ne, ya san yadda ya yi. Idan ya tsaya a bakin kasuwa sai a ce ana jiran Mati. Ni da wasu mata biyu na zumunta ne kawai muke ba shi kaya. Yaransa suka daina zuwa makaranta saboda sunan da ake kiran su da shi.

Sulemanu ya dawo bayan an biya kuɗin fansa kamar yadda aka saba, ya rame har ba a gane shi. Ya faɗa a gaban mai unguwa cewa a daji ya ji suna dariyar motar da ke mutuwa da kanta, sun lura da ita ne daga kan dutse suka yi ta jira. Wasu suka yarda. Abubakar bai dawo ba. Sulemanu ya ce zazzaɓi ya kama shi a can, kuma shi da kansa ya rufe shi da hannunsa. Buba ya je gaisuwa ya zauna a ƙarshen tabarma. Ɗanasabe ya amsa gaisuwarsa kamar yadda ya amsa ta kowa.

Da aka gama kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa. Da rana tsaka ya yi lodin kayansu, don kada a ce ya gudu. Na taya Adawiyya ɗaure tukwane. Gidan nasu yanzu wani malamin makaranta ne a ciki.

Ina ganinsa idan na kai kaya Funtuwa. Yana jigilar buhuna tsakanin kasuwa da manyan shagunan ajiya, duk cikin gari, ba ya fita ko bakin kwalta. Gemunsa ya yi fari fat. Adawiyya na sayar da fura a ƙofar gidan da suke haya, babbar 'yarsu Aisha Humaira ta shiga makarantar koyon aikin jinya. Duk sanda na je sai ya ajiye aiki ya kai ni tasha da kansa, ya tsaya har motarmu ta cika. Yakan tambaye ni mutanen ƙauye ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi aure, wa ya rasu, ko an samu ruwa a bana. Zuwan da na yi na ƙarshe ya tambaye ni Ɗanasabe. Na gaya masa an harbe shi a cinya a wani artabu, yanzu da sanda yake tafiya, ya bar aikin sa-kai. Buba ya shiga wani shago ya fito da ƙullin dabino ya ce in kai masa, in ce yana yi masa sannu.

Na kai. Ɗanasabe ya karɓa ya ajiye a gefen tabarma, ya ce in zauna in sha ruwa.